FILO A AJIN TERMINAL: DAGA INA TA ZO, ME TAKE KOYA WA ƳAƳANMU?



Kwanakin baya, cikin shirinmu na dare, wani dattijo ya bugo waya. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Ɗana, ɗiyata tana terminal. Wagga filo da aka koya musu, mi na na? An ce mini har bisa Allah suka tambaya. In haka na, gara ta zauna gida." Muka ce, Baba ka yi haƙuri ka ba mu lokaci, wannan magana ta fi ƙarfin minti biyu. Lokacin shiri ya ƙare ba mu ba shi amsa ba, kuma abin ya tsaya mana a rai, don mun san ba shi kaɗai ba ne ke da wannan fargaba. Shi ya sa muka zauna muka rubuto wannan. Yana da ɗan tsawo, ku gafarce mu.

Mu ma mun zauna a kan waɗannan bencina na lise. Mun tuna ranar farko da mushen filo ya shigo aji, ya rubuta tambaya guda a allo ya zauna yana kallonmu. Shekara goma sha biyu muna hardace darasi muna maido wa malami, ranar nan aka ce mu faɗi namu ra'ayi kuma mu kawo hujja. Wallahi aji ya yi tsit. Kalmar filo guntun kalma ce ta Girkanci mai nufin son hikima. Larabawa suka ara suka ce falsafa, kuma da wannan suna ne malamanmu na zaure suka san ta.

Mu fara daga Atina, babban birnin ƙasar Girka. A can ne wani mutum mai suna Sokrat ya riƙa yawo cikin kasuwa yana tare manyan gari da tambaya. Ya samu jarumi ya ce masa mene ne jarunta, ya samu mai shari'a ya ce masa mene ne adalci. Duk amsar da aka ba shi sai ya kawo misalin da zai rushe ta, har mutum ya gane cewa abin da yake tsammanin ya sani bai san shi ba. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, yana da shekara kusan 70, kotun gari ta yanke masa hukuncin kisa bisa zargin lalata matasa da ƙin girmama gumakan birni, aka ba shi guba ya sha. Kun ga ke nan ƙarar da Baba ya kawo mana ta daɗe a duniya: tun ranar farko ana zargin wannan ilimi da ɓata yara.

Almajirinsa Platon, wanda littattafan Larabci ke kira Aflaɗun, shi ya rubuta hirarrakin malaminsa. Ya ba da misalin mutanen da aka ɗaure cikin kogo tun suna yara, fuskarsu na kallon bango, ba su taɓa ganin komai ba sai inuwa, har suka ɗauka inuwar ita ce duniya. Ɗaya ya kuɓuta ya ga rana, da ya dawo ya ba su labari suka ce ya zare. Duk wanda ke da waya a hannu yau, yana ganin yadda hoton ƙarya ke zagaye gari kafin azahar, zai gane wannan kogo.

Almajirin Platon kuma shi ne Aristot, Arisɗo a bakin malamai, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya tsara ƙa'idojin kafa hujja: in ka yarda duk ɗan Adam mai mutuwa ne, ka yarda sarki ɗan Adam ne, to dole ka yarda sarki zai mutu, ko kana so ko ba ka so. Wannan ilimin auna magana shi ake kira manɗiƙi. Ku riƙe wannan kalma, don ita ce ta fara isowa ƙasarmu.

Yadda abin ya faru shi ne, a ƙarni na 9, zamanin halifofin Abbasiyya a Bagadaza, musamman Ma'amun da ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci. Daga nan aka samu Alkindi, da Alfarabi wanda ake wa laƙabi da malami na biyu bayan Arisɗo, da Ibn Sina da ya rasu a 1037. Ba kowa ya yarda da su ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya kafirta su a kan mas'ala uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Amma shi wannan Gazali bai yar da manɗiƙi ba. Ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhu, Almustasfa, don a ganinsa malamin da bai iya auna hujja ba, ba a dogara da iliminsa. Bayansa Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, alƙalin Malikiyya mai littafin Bidayatul Mujtahid da malamanmu ke karantarwa har yau, ya mayar masa da martani, ya kuma yi wa littattafan Arisɗo sharhi. Ya rasu a 1198. Wannan sharhi nasa aka juya zuwa Latin a ƙarni na 13, malaman Kirista irin su Toma na Akwino suka karanta. Wato kaso mai yawa na Arisɗon da Turai ta sani a lokacin, ta hannun Musulmi ya shiga mata.

Ƙasar Hausa fa? Wajen 1492 Shehu Magili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, bayan ya ratsa ta Abzin. Magili ya rubuta waƙar koyar da manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar wanda ke ganin manɗiƙi haramun ne. Hujjar Magili ita ce, gaskiya ba ta zama ƙarya don wanda ya faɗe ta ba Musulmi ba ne, a auna maganar a bar mai maganar. Daga baya ɗan ƙaramin littafin Sullam na Ahlari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya zama abin karatu a zaurukan manyan malamai na ƙasashenmu. Duk wanda ya karanta Sullam, ƙa'idojin Arisɗo ya karanta cikin baitocin Larabci.

Yanzu mu matso gida sosai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta, nan kusa da Galmi, a 1754. A watan Fabrairu na 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A cikin wannan wata ɗaya, can a birnin Konigsbag na ƙasar Furusiya, Kant ya mutu, mutumin da ya fi kowa wahalar da ɗalibanmu na terminal. Kuma a wannan shekara ce ɗiyar Shehu, Nana Khadija, ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa. Wannan jikan Shehu ya zauna a Salame, cikin ƙasar Gwadabawa, tsallaken iyaka kaɗan in ka wuce Illelar Najeriya ka nufi Sakkwato. Ya yi rubutu kan asalin halitta, da rai, da matakan samuwa, cikin littafi irin Kulliyatul Alamis Sitta, ya kuma rubuta tarihin ƙasar Hausa mai suna Raudatul Afkar. Bajamushen matafiyi Bart, da ya zo ƙasar Sakkwato a 1853, ya shaida cewa ɗan Tafa ya fi duk tsararrakinsa ilimi. Ya rasu a 1864. Kafin Bafaranshe ya kafa lakwal ko ɗaya a Adar, ana irin wannan tunani a tafiyar yini guda daga Ƙwanni.

Hanya ta biyu da filo ta biyo zuwa gare mu ita ce ta Faransa. A 1637 Dekart ya fitar da ɗan littafi kan hanyar tafiyar da hankali. Ya ce bari ya yi shakkar duk abin da za a iya shakka, ido na ruɗi, mafarki na kama da farke, har ya isa ga abu guda da ba ya shakkuwa: mai shakkar nan dai yana nan, tunda yana tunani. Daga wannan tushe ya sake gina iliminsa, har ya kawo hujjojin samuwar Allah. Abin lura, da Faransanci ya rubuta littafin a lokacin da malamai ke rubutu da Latin, don mutanen da ba su yi zurfin karatu ba su iya auna maganarsa. A 1808 Napoleyon ya kafa jarrabawar bak, filo ta zama darasin ajin ƙarshe na lise, mu kuma muka gaji tsarin tare da sauran kayan mulkin mallaka.

To me ake koyo game da tarbiyya da halin kirki? Mu ɗauki misali daga kasuwar albasa ta Galmi. Mai albasa ya cika buhu, ya sa ruɓaɓɓu a ƙasa, ya jera manya masu sheƙi a baki. Mai saye daga Abijan yake ko Akara, ba zai buɗe ba sai bayan kwanaki a hanya. Kowa a cikinmu ya san wannan ba daidai ba ne. Tambayar filo ita ce, don me?

Arisɗo zai dubi mutumin kansa. A wajensa hali sabo ne, wanda ya yi algus yau ya yi gobe, jibi ya zama mai algus, kuma ba zai samu kyakkyawar rayuwar da ake nema ba. Ya ce kowane halin kirki yana tsakanin wuce gona da iri da gazawa: jarunta tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. Kant, cikin littafinsa na 1785, zai ce wa mai albasa: ƙa'idar da kake bi, za ka so kowa a duniya ya bi ta? In kowa ya ɓoye ruɓaɓɓu, ba wanda zai ƙara yarda da bakin buhu, dabarar taka ma ta mutu. Zai ƙara da cewa ka mai da mai sayen nan tsani kawai, alhali mutum ne mai daraja kamarka. Su kuma Turawan Ingila, Bentam a 1789 da Mil a 1863, sakamako suke aunawa: ribar jaka biyu ga mutum ɗaya, hasara ga mai saye, da zubewar sunan albasar Galmi da dubban manoma ke ci da shi. Abin da ya fi kawo jin daɗi ga mafi yawan mutane shi ne daidai.

A kan buhun albasa duka ukun sun haɗu. Amma ga inda suke rabuwa, kuma mu mutanen bakin iyaka mun san wannan ba tatsuniya ba ce. Ƴan bindiga sun shigo gari da dare, maƙwabcinka ya ɓuya a rumbunka, suka ɗora maka bindiga suka ce ina yake. A 1797 an yi wa Kant tambaya mai kama da wannan, ya tsaya kan cewa ƙarya ba ta halatta ko ga mai kisa. Bentam zai ce yi ƙaryar ka ceci rai. Mu dai a nan ba mu tare da Kant, kuma malamanmu na fiƙhu ma sun halatta ƙarya don kuɓutar da ran wanda ake zalunta. Ɗalibar da ta rubuta haka ranar bak, ta kawo hujjarta tsaf, maki za ta samu. Ba a tambayarta ta bi Kant, ana tambayarta ta fahimce shi kafin ta saɓa masa.

Kada mu manta muna da namu ma'auni. A 1974 wani Baturen Ingila da ya daɗe a Arewacin Najeriya, Kirk-Greene, ya wallafa lacca kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, ya lissafo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In kun duba da kyau, hanyar Arisɗo ce ta fi kusa da tamu, don mu ma halin mutum muke fara dubawa. Sai dai kunya, wadda muke sa wa a sahun gaba, shi bai ƙidaya ta cikin cikakkun halayen kirki ba, ya ce ta fi dacewa da matasa. Ga gardama mai daɗi da za a iya yi da Hausa a kowace fada ta shayi.

Saura maganar kyau. Wani Bajamushe, Bomgarten, shi ya raɗa wa wannan fanni suna a 1735, amma gardamar ta girme shi. Platon ya so a kori mawaƙa daga birnin da ya tsara, don a ganinsa suna kwaikwayon inuwa ne kuma suna tada zuciya su danne hankali. Arisɗo ya ce a'a, mai kallon wasan baƙin ciki yana fitowa zuciyarsa ta wanku. Duk lokacin da muka buɗe layi a rediyo kan finafinan Hausa ko kiɗan biki, rabin masu kira Platon ne, rabi Arisɗo, ba tare da sun taɓa jin sunayen ba. Kant kuma a 1790 ya ce jin daɗin kyau ba ruwansa da amfani ko mallaka, kuma in ka ce abu yana da kyau, kana jiran kowa ya yarda da kai, ba kamar ka ce kana son fura da yaji ba.

Mu gwada wannan a Yama, nan cikin ƙasar Badagishiri. A 1962 mutanen gari suka sa magini Falke Barmu ya gina musu masallacin Juma'a da ƙasa. A 1975 ya sake rufin da bakan gizo da ƙubba, daga baya ya ɗaga hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Alƙalan da suka zo daga nesa, waɗanda ba su taɓa shan ruwan Adar ba, sun ga kyansa, wannan ya gaskata Kant. Amma mutanen Yama ba don kallo suka kwaɓa ƙasa suka ɗauko ruwa ba, don salla suka yi, kuma kyan ginin na tare da sanyinsa da hannuwan da ke yaɓe shi. Kant ma ya yarda akwai kyan da ke manne da aikin abu, irin na ɗakin ibada. Harshenmu ya riga ya haɗa su: kalma ɗaya, kyau, muke faɗa wa fuska, da aiki, da hali. Tsofaffin Girkawa ma haka kalmarsu take.

Ba za mu ɓoye muku ɗacin da ke cikin wannan tarihi ba. Kant mai maganar darajar ɗan Adam ya rubuta maganganun raini kan baƙar fata. Hegel, cikin laccocinsa na shekarun 1820, ya ce Afirka ba ta cikin tarihin duniya, a daidai lokacin da ɗan Tafa ke rubuta tarihin sarakunan Hausa. Faransa ta shelanta haƙƙin ɗan Adam a 1789, amma a watan Mayu na 1899 sojojinta ƙarƙashin Vule da Shanwan suka ƙone Birnin Ƙwanni suka yi kisan da har yau kakanni ke ba da labarinsa. Kuma gaskiya ne, cikin manhajar terminal akwai waɗanda ba su yarda da Allah ba, irin su Marks, Nice da Sartar. Fargabar Baba tana da tushe.

Yanzu da ake ta maganar sake gina ƙasa da ɗaukaka harsunanmu, wasu na cewa a watsar da duk abin da ya zo daga Faransa. Mu a ganinmu, in an zo kan filo, gyara ake bukata. A sa Gazali da Ibn Rushdi da ɗan Tafa kusa da Dekart. A sa Bubu Hama, da Hountondji na Benin wanda ya rasu a 2024. A fassara muhimman nassoshi zuwa Hausa, kamar yadda Bagadaza ta yi da Larabci, Dekart ya yi da Faransanci. Da ma'aunin da Kant ya kafa ne ake kama Kant da laifi, kuma wanda bai karanta Hegel ba ba zai iya ƙaryata shi ba.

Baba, in wani ya karanta maka wannan, ga amsarmu. Maganganun masu musun addini suna cikin wayar da ke hannun yaranmu, ko sun je lise ko ba su je ba, kuma a can ba malamin da zai tsaya ya ce kawo hujjarka. Ɗiyar da ta koyi rarrabe hujja da hayaniya ta fi wuyar ruɗuwa, ko daga Bature, ko daga ɗan siyasa, ko daga mai wa'azin da ke kiran yara daji. Ka bar ta ta ƙarasa shekararta. In ta dawo da yamma ka ce ta faɗa maka da Hausa abin da aka koya musu, abin da ya shige maka duhu ku kai wa malamin unguwa tare. In malamin ya karanta Sullam, za ka ga sun fahimci juna.

Ku kuma ɗalibai masu shirin bak, ku daina hardace maganganun manya kuna zubawa a takarda kamar ƙulli. Ku karanta tambayar sau uku, ku nemo inda matsalar take, ku ba abokin gardama haƙƙinsa kafin ku yanke. Allah ya ba ku sa'a.

Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa, musamman malaman zaure da mushen filo na lise-lisenmu. Wanda ke da labarin Salame ko wani tsohon littafin manɗiƙi a gidansu, ya sanar da mu, za mu zo har gida da na'urar ɗaukar murya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida mutanen gida.